Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin ƙarin girma na jami'o'inmu, a kan ƙidayar ambato a fannin ilimin manya

Assalamu alaikum iyayenmu kuma malamanmu, ranku ya daɗe. Da fatan kun wuni lafiya, ya aiki ya ɗalibai, Allah Ya ƙara taimaka muku.

Ni malami ne a sashen ilimin manya na wata jami'a a nan Arewa, ba zan faɗi wacce ba, don maganar da zan yi ba ta makaranta ɗaya ba ce, kuma gaskiya ba na son gobe a kira ni ofis. Da yawa daga cikinku ku kuka koyar da mu, wasu ma su suka sa hannu a takardun digirinmu, shi ya sa na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta. Amma abin ya ishe ni, kuma na ga in ba a faɗa a fili ba a ɗakin shan shayi zai ƙare kamar kullum.

Maganar ita ce yadda yanzu in malami ya kawo takardunsa na neman furomoshin, kafin a buɗe fayil ɗin ma an riga an buɗe shafinsa na Google Scholar, injin intanet da ke ƙirga sau nawa wasu marubuta suka ambaci takardun mutum, a ga takardu nawa ya buga, sau nawa aka ambace shi, nawa ne ma'auninsa na h, nawa ne suka shiga Scopus, rumbun da ke tara takardun zaɓaɓɓun mujallun bincike. Ba na cewa laifi ne a duba. Ni ma ina duba nawa, wani lokacin ma sau biyu a sati, in na ga lambar ta motsa da ɗaya sai in ji kamar an yi min alat. To amma a fanninmu, wato yadda babban mutum ke koyon abu da yadda ake koyon sana'a a wurin aiki, wannan lambar ba ta auna abin da kuke zaton tana aunawa, kuma zan nuna muku dalili.

Bari in fara da shi kansa ma'aunin h ɗin. Wani masanin fiziks ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, ya kawo shi a 2005. Lissafin mai sauƙi ne, in kana da takardu 10 da kowacce aka ambata aƙalla sau 10 to h ɗinka 10 ne, in 20 ne da aka ambaci kowacce sau 20 to 20 ne. Shi Google Scholar a 2004 aka buɗe shi, Scopus ma na kamfanin Elsevier a shekarar ya fito. Kun ga ke nan duk abin nan da muke rantsuwa da shi bai kai shekarun wasu ɗalibanmu na digiri na biyu ba. Kuma mutumin da ya ƙirƙiro shi 'yan fiziks yake tunani, inda mai karanta takardarka shi ma marubucin takarda ne, yau ya karanta ka gobe ya ambace ka. To mu fa? Mu wa muke yi wa rubutu? Malamar ajin yaƙi da jahilci a ƙauye, da ubangidan kanikawa a gareji, da tela mai yara shida a shago, da babbar nas da aka damƙa wa sababbin ma'aikata ta koya musu aiki a asibiti. A cikinsu duka wa zai zauna ya rubuta takarda da Turanci ya saka sunanka a jerin manazarta? Kanike in ya ɗauki shawararka ya gyara yadda yake koya wa yaransa, iyakarta ya ce Allah Ya saka da alheri malam, wannan kuwa babu injin da ke ƙirga shi.

Na san amsar da za a ba ni, don an taɓa ba ni ita ido da ido: ai Turawan da ke fanninku ana ambatonsu dubbai, ku me ya hana ku? Madalla, to mu duba su waye su da yadda suka kai can.

Ɗauki Jean Lave, Ba'amurkiya masaniyar halayyar al'umma. Littafin da suka fitar da Etienne Wenger a 1991 kan yadda sabon shiga ke koyon aiki daga gefe-gefe har ya kai tsakiya yana cikin abubuwan da aka fi ambato a duk fagen ilimi, kusan duk ɗalibin da ya rubuta kundi a sashenmu sai ya jefa sunansu ko ya karanta ko bai karanta ba. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne daga nan Afirka ta Yamma ta samo ginshiƙin maganar. Tsakanin 1973 da 1978 ta riƙa zuwa Monrobiya a Laberiya tana zama da telolin ƙabilun Vai da Gola a wata unguwa ta rumfunan kwano, iyayen gida da yaransu wajen mutum 250. Ta zauna ta kalla har ta gano cewa yaron tela daga ƙarshe yake fara koyon aiki: guga da ɗinka maɓalli da kalmasa tukuna, wato yana riƙe rigar da aka gama yana ganin siffarta, sannan a ba shi keke ya haɗa abin da wani ya yanka, yanka kuwa shi ne na ƙarshe don nan ne in ka yi kuskure yadi ya tafi. Kuma da hula da gajeren wando da kayan yara ake farawa kafin a kai ga kwat. Wallahi ranar da na fara karanta wannan dariya na yi, don haka aka yi wa ƙanena a shagon wani tela a unguwarmu, wata da watanni yana guga da dutsen gawayi yana kuka wai an mayar da shi bawa, ashe manhaja ce a tsare, babu dai wanda ya rubuta ta. Cikakken littafin Lave a kan telolin nan kuwa sai 2011 ya fito, sama da shekara 30 bayan ta gama zama da su. Ku faɗa min tsakani da Allah, da a gabanku take da fom ɗin nan na shekara uku-uku, maki nawa za ku ba wa mutumin da ya ce muku yana zaune a rumfar teloli yana kallo?

Haka Stephen Billett, farfesan ilimin manya da koyon sana'a a Jami'ar Griffith da ke Birisben a Ostareliya, wanda in ka buɗe shafinsa za ka ga ambato dubun-dubata har ka ji kanka ya yi nauyi. Mutumin nan a masana'antar ɗinka tufafi ya fara aiki kafin ya shiga koyarwa. Bincikensa a wuraren gyaran gashi ya yi shi da mahaƙar kwal da makamantansu, yana bin ma'aikata yana tambayarsu wa ya nuna maka wannan, yaushe aka fara barinka ka taɓa wancan. Abin da ya tsaya a kai shi ne koyo a wurin aiki igiya biyu ce, akwai damar da wurin ya ba ka, wato ko ana barinka ka taɓa aikin gaske ko kullum aike ne da shara, akwai kuma yadda kai ka karɓi damar. Michael Eraut na Jami'ar Sussex a Ingila shi kuma sababbin nas-nas da injiniyoyi da akantoci ya bi a shekarunsu na farko a bakin aiki, ya nuna yawancin abin da suka iya ba a kwas ko bita suka samo shi ba, a gefen wanda ya riga su suka ɗauka, ta tambaya da kallo da gyaran kuskure.

Kun ga duk ukun nan abu ɗaya ya haɗa su, sun ɓata takalmi. Ambaton daga baya ya biyo su, kuma ya biyo su ne a ƙasashen da ke da ɗaruruwan masu bincike a fannin, masu rubutu da harshe ɗaya, masu mujallu na kansu da suka shiga Scopus tuntuni. Mu kuma mun tsallake zaman rumfar mun kama lambar, kallon kitse muke yi wa rogo.

Ga abin da hakan ya haifar, kuma kun fi ni sani don ku kuke karanta fayilolin. Malami ya san zama a gareji wata shida takarda ɗaya zai ba shi, to don me zai je? Sai ya buga takardar tambayoyi ya raba wa ɗalibansa a aji, na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ya zuba a kwamfuta ta fitar da tebur, ya yanka sakamakon gida uku ya zama takarda uku, ya saka sunan abokai huɗu su ma gobe su saka nasa, in ɗalibi ya zo da kundi a ce masa ka tabbata ka ambaci aikina na bara da na bara waccan ko da kuwa kundin a kan kiwon kaji ne. Sannan ga mujallun nan na 'yan kasuwa da za ka tura takarda ranar Litinin su amsa maka Laraba cewa an karɓa, ka biya kawai. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irinsu har ya rufe jerin a 2017, amma su ba su rufe ba, kullum saƙonsu na shigowa imel ɗinmu suna kiran mataimakin lakcara farfesa. Masu mutuncin kuma da yawansu kuɗin bugawa da dala suke karɓa, kun kuma san abin da ya sami naira tun 2023, albashin wata nawa mutum zai haɗa? Ba ina wanke mu ba ne, mu ma da laifinmu, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fom ɗinku ne bangon.

In kuna ganin injin ba ya ruɗuwa, a 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri wani malamin bogi ya raɗa masa suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa takardun shirme kusan 100 kowacce tana ambaton sauran, Google Scholar ya haɗiye, mutumin da bai taɓa wanzuwa ba ya samu h 94, ya zarce Einstein a jerin. A 2024 kuma wasu suka maimaita da kyanwa, eh kyanwa mai kama ɓera, sunanta Larry, suka samar mata ambato 132 kafin a farga a goge. Yo abin da mage ta ci jarrabawarsa shi za a ɗora rayuwar malami a kai?

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na ɗauki biro, don ba Turawa ne suka hana ni barci ba. Akwai wata abokiyar aikina, yaya nake ce mata don ta girme ni a shekaru da aiki. Shekaru ta yi tana bin azuzuwan mata na yamma a ƙauyuka da kuɗin motarta. Na raka ta sau ɗaya. Aji ne a zauren mai unguwa, tabarma biyu, allo an jingina da bango, mata kusan 20 wasu da goyo, malamar tana ta fama da ba bi bu be bo suna hamma. Yayar nan tawa ta zauna a ƙasa ta tambayi wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli, Inna, in kin ba da bashi ya kike tunawa? Matar ta ce ai zane take yi da gawayi a bayan ƙofa, dogo na mudu, gajere na rabi, kowace mai bashi da gefenta. Daga nan darasin ya juya, aka ajiye ba bi bu aka koma rubuta sunan masu bashi da lambobin kuɗi, da yadda za ki gane sunan ɗanki a waya in ya kira, sai ga masu hamma sun miƙe zaune har ana rige-rigen alli. A kan irin wannan ta rubuta ɗan littafin jagora da Hausa don malaman azuzuwan, shafi kaɗan, ana ta yin fotokwafinsa ana turawa a WhatsApp, na taɓa ganin kwafinsa a hannun wata malama a wata jiha daban, bangon ya yage an liƙe da salatif, ba ta ma san wadda ta rubuta ba. Da lokacin furomoshin ya zo aka ce wannan ba bugu ba ne, hidimar al'umma ce, ɗan makin da ke wannan layin shi ta samu, aka ce ta ƙaro takardu ta dawo. Wanda suka shiga tare, mai takardun tambayoyi, ya wuce. Ba ta yi ƙorafi ba, cewa ta yi Allah Ya sa haka ne mafi alheri, amma na lura tun daga lokacin ta rage zuwa ƙauye, ta koma raba takardar tambayoyi ita ma.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu 'yan Arewa ba baƙi ba ne a wannan fage. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci, su marigayi Alhaji Ahmadu Kumasi na kan gaba, hukumar adabi ta Arewa, NORLA, a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna don wanda ya koyi karatu ya samu abin karantawa, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. A 1980 gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Waɗanda suka rubuta littattafan azuzuwan nan, da za a buɗe musu shafin Google Scholar yau, sifili za a gani. Shi kansa Paulo Freire na Barazil da muke ta ambato kamar wuridi, a garin Angicos ya yi suna a 1963 da ya koya wa ma'aikata wajen 300 karatu cikin awa 40 da kalmomin da suke amfani da su a aikinsu, ladan da ya fara samu kuwa kurkuku ne bayan juyin mulkin 1964, sannan gudun hijira, ambato sai can baya.

Kuma ga aiki jibge a ƙofar gidanmu ba mai taɓawa. Je ka Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tsaya awa ɗaya. Yaro zai shekara yana wanke sifana da miƙo jak da zubar da baƙin mai kafin a bar shi ya kwance filogi, kafireto kuwa sai ya daɗe, kuma ranar da ubangida ya ce masa saurari injin nan ka gaya min me ke damunsa, ranar ce jarrabawarsa ko da ba wanda ya kira ta haka. Me ya sa wani garejin ke yaye yaro cikin shekara huɗu ya fita ya iya, wani kuma yaron ya shekara bakwai yana sayo wa oga abinci? Wannan fa ita ce ainihin tambayar Billett, ga ta a gabanmu da Hausa. Haka ɗalibanmu da ke tafiya SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara tun farkon shekarun 1970, kowa ya san wasu sa hannu kawai suke samowa a littafin, wasu kuma su dawo sun fi malaminsu iya aiki, me ya bambanta wuraren? Wanda zai amsa wannan sai ya zauna, zaman kuma fom ɗinku ba ya biyansa.

Ba cewa nake ku jefar da Scopus ba, ranku ya daɗe, na san jami'a na neman matsayi a jerin duniya kuma na san kafin lambobin nan su zo son kai da sanayya sun yi ɓarna, lamba ko ba komai ba ta san ɗan wane ba. Roƙona shi ne kada ta zama ita ce alƙali. Tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Faransisko da ake kira DORA, suna cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa, kuma jami'o'i da yawa a duniya sun sa hannu. A Birtaniya, inda muke kwaikwayo, tun 2014 tsarin tantance binciken jami'o'insu ya ware kashi 20 cikin 100 ga tasirin aiki a wajen jami'a, a 2021 suka mayar da shi 25, sashe zai rubuto labarin abin da bincikensa ya canza da hujja, a karanta a ba da maki. Me zai hana mu ce wa mai neman furomoshin ya zaɓo ayyukansa uku ko huɗu da ya fi alfahari da su, masu tantancewa na waje su karanta su da gaske maimakon ƙirga kanun takardu 40? Littafin jagora da aka rubuta da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, in masana biyu sun duba sun ce ya yi, a ba shi makin bugu cikakke, kada a tura shi layin hidimar al'umma tare da zama a kwamitin walima. Wasiƙa daga hukumar ilimin manya ta jiha ko ƙungiyar makanikai cewa muna aiki da abin da wane ya rubuta, a karɓe ta a matsayin hujja, in ana tsoron ƙarya a tura mutum ya je ya gani, ai kuɗin motar bai kai na zaman kwamiti ɗaya ba. Kuma don Allah a daina ɗora malamin ilimin manya a sikeli ɗaya da na likitanci ko kemistiri, inda takarda ɗaya ke da marubuta 15 kuma ambato ke zuwa cikin watanni. In kun gyara naku fom ɗin, hukumar jami'o'i ta NUC da asusun TETFund ma za su fi jin maganar daga bakinku fiye da daga bakin irina.

Nawa fayil ɗin yana zuwa gabanku baɗi in Allah Ya kai mu, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai takardun tambayoyi guda biyar a ciki da ni kaina ba na son a karanta. Akwai kuma guda ɗaya da na yi wata takwas ina zama a garejin wani dattijo kafin na rubuta, har yau ba wanda ya ambace ta ko sau ɗaya, amma shi dattijon ya sa na karanta masa ita da Hausa a kan benci, ya gyara min wuri biyu. In akwai wanda zai yarda a cikinku, ranar Asabar da safe nake zuwa, sai mu tafi tare a motata, a dai sa kayan da ba a jin tsoron baƙin mai ya taɓa.

Na gode da haƙurin karantawa, in na yi kuskure ko na wuce gona da iri a yafe min.

Ɗalibinku,
wani malami a sashen ilimin manya